Moustapha Alassane: Makanikin da ya zauna a Tawa yana yi wa talakawa fim

Ranar 17 ga watan Maris na 2015 Allah Ya yi wa Moustapha Alassane rasuwa a birnin Wagadugu na Burkina Faso, yana da kimanin shekara 73 a duniya. Kwana goma ke nan da rufe bikin finafinan Afirka na FESPACO na wannan shekara, bikin da Nijar na cikin ƙasashen da suka halarce shi tun karon farko a 1969.

Masana tarihin silima na sanya marigayin a sahun farko na 'yan Afirka da suka riƙe kyamara da hannunsu. Faransa ta ba shi lambar girma, an nuna ayyukansa a manyan birane na Turai da Amurka, an yi rubuce-rubuce a kansa a jami'o'i. Amma a birnin Tahoua, wanda Hausawa ke kira Tawa, inda ya shafe shekaru masu yawa na ƙarshen rayuwarsa, matashin da zai lissafo jaruman Kannywood ashirin ba tare da ya numfasa ba zai iya kasa kawo sunan fim ɗinsa ko da guda.

Wannan giɓi shi ne ya sa tarihinsa ya shafi wata tsohuwar muhawara da har yanzu ba ta mutu ba: shin finafinan nan da ake kira na fasaha, masu tafiyar hawainiya, waɗanda ake yabawa a bukukuwan ƙasashen waje, suna da abin da zai riƙe ɗan kallo na gama-gari? Ko kuwa an yi su ne domin malaman jami'a da alƙalan gasa? Alassane ya yi fiye da shekara arba'in yana fama da wannan tambaya a aikace.

Daga fitila da kwali zuwa Kanada

An haife shi a 1942, lokacin da Nijar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. A wancan zamani akwai wata doka ta 1934, wadda ake dangantawa da ministan Faransa Pierre Laval, da ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka sai da izinin hukuma. A aikace dokar ta toshe wa baƙar fata hanyar yin fim a ƙasarsa har zuwa samun 'yancin kai a 1960. Shi ya sa fim ɗin da Paulin Vieyra da abokansa suka yi a 1955, Afrique sur Seine, a birnin Paris aka ɗauke shi.

Alassane bai jira izinin kowa ba. Tun yana yaro yake zane, kuma yakan haɗa kwali da fitila ya haska hotunan da ya zana da dare, mutane su taru suna kallon inuwa tana motsi. 'Yan kallonsa na farko ke nan: maƙwabta da yaran unguwa, waɗanda idan abu bai yi musu ba sai su tashi su kama gabansu.

Sana'ar da ya fara koya ita ce kanikanci. Wannan ya yi masa rana daga baya, domin a ƙasar da babu shagon kayan fim, wanda zai iya kwance na'ura ya mayar da ita ya fi wanda ya san littafi kawai.

A Yamai ya samu shiga cibiyar binciken IFAN, inda ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, injiniyan da ya zo Nijar aikin hanya a farkon shekarun 1940 ya rikiɗe ya zama mai fim. Rouch ya ga hannun yaron a zane, ya koya masa aiki da kyamara, ya kuma taimaka masa ya tafi Kanada. A hukumar finafinai ta ƙasar ya zauna da Norman McLaren, gwanin zane mai motsi wanda ya ci kyautar Oscar da gajeren fim ɗinsa na 1952, kuma wanda ya yi suna wajen yin zane kai tsaye a jikin zaren fim. Abin da Alassane ya ɗauko daga wurinsa shi ne cewa mutum ɗaya, da tebur ɗaya da haƙuri, zai iya haɗa fim.

A 1962 ya fitar da Aouré, wato Aure, labarin neman aure da biki a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogi. Fim ɗin ya riga Borom Sarret na Ousmane Sembène na Senegal, wanda ya fito a 1963 kuma ake yawan kafa tarihin silimar Afirka daga kansa. A shekarar dai ya yi La Bague du roi Koda, wato Zoben Sarki Koda, tatsuniyar azzalumin sarkin da ya bai wa wani masunci ajiyar zobe da sharaɗin kisa idan ya ɓata, sannan ya bi ta bayan gida ya sa aka sace zoben aka jefa a kogi, daga ƙarshe masuncin ya tsinci zoben a cikin kifi.

Kwaɗin da suka yi wa shugabanni dariya

Zane mai motsi aikin mai dogon numfashi ne. Na'urar silima tana haska hoto 24 a kowace daƙiƙa. Fim na minti biyar yana cin hoto 7,200, kuma ko da an bar kowane zane ya tsaya na hoto biyu, ana bukatar zane 3,600. A manyan kamfanoni ɗaruruwan ma'aikata ke raba wannan aiki. Alassane da 'yan mataimaka ƙalilan yake yin nasa.

A 1965 ya kammala La Mort de Gandji, labarin wata masarautar kwaɗi da fadawanta, wanda ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekara ta 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, wato Sauka lafiya Sim, ɗan gajeren fim na kimanin minti biyar. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne da aka gayyata ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa. Sai faretin soja, sai jirgin sama, sai jerin gwano da jawabai, duk kwaɗi ne ke yi cikin ƙasaita.

Wanda ya san shekarar zai gane inda aka dosa. A watan Janairun 1966 sojoji suka karɓi mulki a Upper Volta, wato Burkina Faso ta yau, da kuma Najeriya. A watan Fabrairu aka hamɓarar da Kwame Nkrumah na Ghana yana kan hanyar ziyara a Asiya. A Nijar kuwa jam'iyya ɗaya ce ke mulki ƙarƙashin Diori Hamani, kuma sukar shugaba a fili ba abin wasa ba ne. Alassane ya bi hanyar da masu tatsuniya suka saba bi: a ɗora wa dabba maganar da ba a iya faɗa wa sarki. Manomin da bai taɓa shiga aji ba yana ganin kwaɗo da rawanin mulki zai fahimci zancen, ba sai an fassara masa ba.

Kaboyin ƙauye da jakar tsaraba

Fim ɗin da ya fi fito da sunansa shi ne Le Retour d'un aventurier na 1966, wato Dawowar ɗan bida, mai tsawon kusan rabin awa, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin kaboyi na farko da ɗan Afirka ya yi. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da huluna da takalma da bindigogi irin na kaboyi, ya raba wa abokansa tsaraba. Nan take suka yar da sunayen da iyayensu suka raɗa musu suka ɗauki na silima. Suka shiga satar dawaki, da faɗa a mashaya, da tayar wa gari hankali, har dattawa suka zauna neman mafita, su kuma samarin rikici ya ɓarke a tsakaninsu.

Djingarey Maïga, wanda daga baya ya zama babban darakta, shi ya fito a matsayin Black Cooper. Zalika Souley ta fito a matsayin Reine Christine, kuma daga nan ta zama fitacciyar jarumar Nijar ta farko. Bafaranshe Serge Moati ya ɗauki yadda aka yi aikin a wani fim nasa mai suna Les cow-boys sont noirs.

Dabarar Alassane a nan a bayyane take. Ya san abin da matasa ke biyan kuɗi su kalla a gidajen silima na lokacin: kaboyi da finafinan Indiya. Sai ya ba su dawakin da harbin da suke so, ya kuma saka musu madubi a ciki. Ga mutanen Adar labarin bai tsufa ba. Yankin ya daɗe da sanin tafiya bida, daga Keita da Bouza da Illela da Tamaske da ƙauyukan arewacin Tawa, zuwa Abijan da sauran biranen kurmi, zuwa Najeriya, daga baya kuma Libiya da Aljeriya. Kowane gida ya san ɗan ci-ranin da ya dawo da rediyo ko babur ko wayar hannu, da sabuwar tafiya da sabon harshe, ya kuma san yadda ƙannensa ke kallonsa.

Rayuwar Zalika Souley ma shaida ce cewa talakawa sun kalli finafinan nan kuma sun shige su. Saboda yawan fitowa a matsayin mace mara kamun kai, mutane da dama sun kasa raba ta da rawar da take takawa, ta sha tsangwama a gari. Rahmatou Keïta ta ba da wannan labari a fim ɗinta Al'lèèssi, wanda aka nuna a bikin Cannes a 2005. Ba a tsangwamar jarumar fim ɗin da ba wanda ya gani.

A 1972 ya fitar da dogon fim ɗinsa FVVA, haruffan farko na kalmomin Faransanci huɗu: mace, gida, mota, kuɗi. Labarin Ali ne, ƙaramin ma'aikacin gwamnati da ya ɗauko rayuwar da ta fi albashinsa, ya sa hannu a kuɗin ofis, ya ƙare a gidan kaso. Sotigui Kouyaté na Burkina Faso na cikin 'yan wasan. Fim ɗin ya samu kyauta a FESPACO ta 1972, shekarar da ɗan ƙasarsa Oumarou Ganda ya zama mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar bikin, Étalon de Yennenga, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. A wannan lokaci Nijar na gogayya da Senegal a fagen silimar Afirka ta Yamma.

Masu tafiyar hawainiya

Ba dukkan ayyukansa ne ke da gudu da barkwanci ba. Biyu daga ciki sun shiga sahun finafinan da ake ce wa masu nauyin tafiya, kuma su ne suka fi dacewa da muhawarar.

Na farko shi ne Deela, wanda ya yi da Hausa tare da shahararren mai ba da labari na Tawa, Albarka Tchibaou, mutumin da gidan matasa da al'adu na birnin ke ɗauke da sunansa a yau. Kyamara takan tsaya a kan dattijon yana zuba labari, sannan a nuna 'yan wasa suna aikata abin da yake faɗa, a sake dawowa kansa. Ga Bature mai karanta fassara a ƙasan allo, wannan zama ne mai tsawo a gaban mutum ɗaya yana magana. Ga Ba'adare kuwa daɗin yana cikin maganar: karin harshe, habaici, inda ya ja numfashi, inda ya sassauta murya. Fim ɗaya ne, amma wanda ya ji harshen da wanda bai ji ba ba abu ɗaya suke kallo ba.

Na biyu shi ne Toula, wanda ya yi tare da Bajamushiya Anna Soehring daga wani labari na Boubou Hama, marubuci kuma shugaban majalisar dokokin Nijar na lokacin. Fari ya addabi wata ƙasa, boka ya ce sai an ba da budurwa ga aljanin ruwa, ƙuri'a ta faɗa kan Toula 'yar dangin sarki, saurayinta kuma ya bazama neman ruwa ko zai cece ta. Akwai dogayen hotuna na busasshiyar ƙasa, da dabbobi, da mutane suna tafiya a rana. Fim ɗin ya fito daidai lokacin babban farin Sahel na 1973 zuwa 1974, wanda ya karkashe dabbobi a arewacin Tawa, ya kori makiyaya zuwa garuruwa, ya kuma taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Diori a juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilun 1974. Wanda ya rasa garkensa a wannan shekara ba ya bukatar a gaggauta masa hoton rijiyar da ta ƙafe.

A duniyar masu sharhi, jinkiri a fim abin yabo ne. A 2022 ƙuri'ar masana ta mujallar Sight and Sound ta Ingila ta zaɓi Jeanne Dielman na Chantal Akerman, fim na 1975 mai fiye da awa uku wanda akasarinsa wata mata ce ke aikin gida, a matsayin fim mafi girma a tarihi. Sátántangó na Béla Tarr ɗan ƙasar Hangari ya haura awa bakwai. Masu suka na cewa irin waɗannan na 'yan boko ne kawai, kuma an daɗe ana yi wa daraktocin Afirka masu samun tallafin Faransa irin wannan zargi, cewa suna jan hoton ƙauye da jeji ne domin su burge alƙalan Turai.

Zargin yana da ƙamshin gaskiya a kan wasu finafinan. Amma cewa talaka ba shi da haƙurin kallo bai yi daidai da abin da aka sani ba. Mutanen da suka riƙa cika gidajen silima a Kano da Maraɗi da Yamai suna zaman awa uku a kan fim ɗin Indiya da ba su jin harshensa. A filin kokowa, wanda gasarsa ta ƙasa aka fara ta a Tawa a 1975 inda Yacouba Kantou na Maraɗi ya ɗauki takobi, 'yan kokowa kan shafe mintuna suna zagaye juna ba wanda ya kama wani, dubban mutane kuma na zaune ba mai motsi. Sun san abin da ke kan layi, sun san su wane ne a fili, sun san faɗuwa na iya zuwa a kowace daƙiƙa. Jinkirin da ke korar ɗan kallo shi ne wanda bai san abin da yake jira a ƙarshensa ba.

Wa ke riƙe da allon?

Akwai kuma wani dalili da ya fi ɗanɗanon 'yan kallo ƙarfi. A shekarun da Alassane ke tashe, kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai da yawancin gidajen silima a ƙasashen Afirka rainon Faransa. Suna sayo tsofaffin finafinan Amurka da Indiya da Turai da araha, waɗanda sun riga sun mayar da kuɗinsu a wasu wurare, su yi ta juya su daga gari zuwa gari. Fim ɗin ɗan ƙasa, wanda ke bukatar ya mayar da kuɗinsa daga aljihun 'yan ƙasa, ba shi da gurbi a wannan lissafi.

Ga kuma matsalar kayan aiki. Yawancin finafinan Nijar na lokacin a kan zaren milimita 16 aka ɗauke su, manyan gidajen silima kuwa da milimita 35 suke aiki. Wanke fim da haɗa shi sai an kai Faransa. Ofishin silima na ma'aikatar haɗin gwiwar Faransa yakan taimaka da kuɗi ta hanyar sayen haƙƙin nunawa ba don kasuwa ba, abin da ke nufin fim ɗin zai ƙare a cibiyoyin al'adun Faransa da makarantu da bukukuwa. Wanda ke shiga irin waɗannan wurare ɗan boko ne. Ta haka fim ɗin da aka yi domin manomi ya koma hannun malamin jami'a, daga baya kuma aka ce manomi ne ba ya so.

Maƙwabciya Upper Volta ta gwada wata hanya. A 1970 ta karɓe gidajen silimarta daga hannun kamfanonin. Da Gaston Kaboré ya fitar da Wend Kuuni a 1982, labarin yaron da ya daina magana, fim mai natsuwa ƙwarai da harshen Mosi, jama'ar ƙasar sun yi cincirindo sun kalla. Harshensu ne, ƙauyensu ne, allon kuma na ƙasarsu ne.

An yi yunƙurin haɗa kai a matakin nahiya da kamfanin rarraba finafinai na CIDC, wanda ɗan Nijar Inoussa Ousseini ya jagoranta, kuma a 1982 masu fim na Afirka sun taru a Yamai sun fitar da sanarwar da ta jaddada cewa yin fim ba zai ɗore ba sai an haɗa shi da rarrabawa da gidajen kallo. Kamfanin bai yi tsawon rai ba. A cikin gida Oumarou Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, kuɗin yuraniyom ya faɗi, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan fim da ake sayowa daga waje suka ninka kuɗi. Gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Zaman Tawa

Alassane ya jagoranci sashen silima na Jami'ar Yamai na tsawon shekara 15. Bai tsaya jiran 'yan kallo su same shi a babban birni ba, ya riƙa ɗaukar majigi a mota yana kai wa garuruwa da ƙauyuka. A 1977 ya yi Samba le grand da 'yan tsana masu motsi, labarin jarumin da wata gimbiya ta yi ta ɗora wa sharuɗɗa kafin ta yarda da shi.

Daga baya ya tattara ya koma Tawa, kimanin kilomita 550 daga Yamai. Ya buɗe otel, ya mayar da wani ɓangarensa ɗakin aiki. Kuɗin kwanan baƙi ke riƙe gida, shi kuma yana gefe da 'yan tsanarsa da zane-zanensa da na'urorin da ya harhaɗa da hannunsa. Da kwamfuta ta zo, dattijon da ya fara da fitila da kwali ya zauna ya koyi aiki da ita, ya kuma koya wa matasan da ke kewaye da shi.

Ayyukansa na wannan zango sun ɗauko ƙasar da yake zaune a cikinta. Kokoa, wato Kokowa, gasar kokowa ce ta 'yan tsana inda kwaɗi da hawainiya da sauran dabbobi ke shiga fili, da makaɗa da 'yan kallo da duk abin da aka sani a filin takobi. Wani kuma sunansa Les Magiciens de l'Ader, wato Masu dabon Adar. Gajeru ne, ba su dogara da Faransanci ba, yaro da tsoho za su iya kallo tare su yi dariya a wuri ɗaya.

A cikin jihar Tawa ne kuma ya rabu da tsohon malaminsa. Ranar 18 ga Fabrairun 2004 motar da ke ɗauke da Jean Rouch ta yi haɗari kusa da Birnin Konni. Rouch ya rasu yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Alassane na cikin motar tare da ɗan wasa Damouré Zika da matar Rouch, su ukun suka tsira.

A 2007 Faransa ta ba shi lambar Légion d'honneur a bikin Cannes. A 2009 Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka fitar da fim a kan rayuwarsa mai suna Moustapha Alassane, cinéaste du possible, wato mai fim da abin da ya samu.

Kano ta cike gurbin

Yayin da silimar Nijar ke ja da baya, amsa ta fito daga kudu. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Babu zaren fim, babu kai wa Paris, babu jiran tallafi. Kaset, daga baya faifan CD, ya bi hanyar da goro da atamfa ke bi, ya ratsa Konni da Maraɗi ya shiga kowane lungu na Adar, ya bi 'yan bida har Abijan da Tripoli.

Abin lura shi ne finafinan Kano ba su da saurin da ake cewa talaka na nema. Akwai doguwar gaisuwa, akwai zaman falo ana ta magana, akwai labarin da ake ja kashi ɗaya, kashi biyu, kashi uku, yanzu kuma zango-zango a YouTube. Mutane na zama su kalla saboda Hausa ce, saboda rikicin kishiya da gado da auren dole nasu ne, kuma saboda fim ɗin ya iso inda suke a farashin da za su iya. Abubuwa ukun nan su ne Alassane ya yi ta nema tun daga Aouré. Ya samu biyun farko. Na ukun ne, hanyar isa ga jama'a, zamaninsa ya hana shi.

Irin wannan ƙaddara ta samu Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya ɓace shekaru da yawa, sai da aka gano zarensa a ma'ajiyar hukumar finafinan Najeriya aka gyara, aka nuna shi a bikin Berlin a 2018. Jamusawa sun gan shi a babban allo kafin yawancin jikokin waɗanda aka yi shi dominsu.

Abin da ya bari

A 2017, shekara biyu bayan rasuwarsa, gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke birnin New York ya ware kwanaki yana nuna finafinan Moustapha Alassane. An gyara wasu daga cikinsu an mayar da su na zamani, abin da ke nufin matsalar milimita 16 da ta 35 ta kau. Fim ɗin da a da sai an ɗauko majigi da janareta a mota, yau zai iya shiga wayar da ke aljihun ɗan acaba a Tawa ko ɗan Adar mai tura baro a Abijan.

Shingen da ya rage na haƙƙin mallaka ne da na harshe. Kwafin da aka gyara suna hannun cibiyoyin waje, kuma waɗanda aka yi da Faransanci ko Zabarmanci na bukatar a juya su zuwa Hausa, aikin da masu fassara finafinan Indiya a Kano suka nuna cewa ana iya yi kuma akwai kasuwarsa. Ranar da hukumar silima ta Nijar da magadansa da gidajen talabijin suka daidaita a kan wannan, za a ga ko matasan Tawa za su zauna wa Toula da Deela kamar yadda kakanninsu suka zauna wa Albarka Tchibaou. Kafin nan, hukuncin da ake yankewa cewa talaka ba ya son irin waɗannan finafinai hukunci ne a kan mutumin da ba a kira shi zaman shari'ar ba.

Ga matasan da ke ɗaukar bidiyo da waya a Tawa da Konni da Abalak kuwa, lissafin marigayin na nan yadda yake: hoto 24 a daƙiƙa, labarin da mutanen gari suka san nasu ne, da sana'ar da za ta riƙe gida kafin fim ya fara kawo kuɗi.